Jaririn Aro da Idon Jummai

Wayyo ni Bushra! 'Yan uwa, wadda take cin abinci ta haɗiye tukuna, don ba zan ɗauki alhakin wadda ta ƙware ba. Masu cewa na cika rawar kai, na ji kuma na karɓa. Amma fisabilillahi, wace budurwa ce za a ce mata uwar saurayinta ta hau kar, babbar motar fasinja, tun daga Damagaram, ta keto wannan doguwar hanya har Diffa don ta gan ta, kuma ta iya zama wuri ɗaya?

Ga wadda yau ta fara shigowa: mu mutanen bakin Komadugu ne. Baba tattasai yake nomawa wajen Geskeru, gidanmu kuma yana cikin garin Diffa. Ishaƙ ɗan Damagaram ne, sarbis na noma, wato ma'aikatar gona, ya turo shi wajenmu. A shekarar 2007 ya je gona duba injin ban ruwan Baba, ya dawo da lambar salulata a aljihu. Kada ku tambaye ni yadda aka yi, ni dai abinci na kai.

Ina tankaɗe da hantsi mesajinsa ya shigo.

"Hajiya ta taso. Ta ce sai ta ga gida da idonta kafin kawunnaina su kawo goro. Ki yi mata murmushin nan."

Na goge gari a zani na rubuta, "Wanne daga ciki?"

"Wanda ya sa na manta sifanar gyaran inji a gonar Baba."

Jama'a, rariya na jefar. Na zagaya tsakar gida da gudu, na rungumi akuyarmu, na faɗa ɗakin mahaifiyata ina haki. Ya Aisa sunanta, mu Ya muke ce mata. Na zaci guɗa za ta yi. Sai na ga ta ajiye kaskon turare, ta juya ta kalli gado, inda Jummai take kwance.

Jummai ɗiyar yayata Sakinatu ce, ɗiyar fari, ko zama ba ta fara ba. Kyakkyawa, ga kumatu, ga gashi. Sai dai tun bayan an yi arba'in da kaɗan idanunta suka fara rawa. Ba sa tsayawa, dama da hagu, dama da hagu, ba hutu. Tsofaffi suka ce Yaya ta sauka kogi da almuru lokacin tana da ciki, mutanen ruwa suka ga yarinyar, su take bi da kallo. Shi ya sa Yaya ta baro mijinta Babagana a gona ta zo gari karɓar rubutu wajen Goni Abdullatif. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an rataya laya. Ido bai fasa rawa ba.

"Matar nan ba za ta ga yarinyar nan ba," in ji Ya.

"Ya, ai Ishaƙ ya gaya mata akwai jaririya a gidan. Har riguna ta sayo mata."

"Mutanen Damagaram bincike gare su kamar 'yan duwan masu caje kaya a kan iyaka. Ta ga idon nan ta ce iska ce a danginmu, ko farfaɗiya, ke kuma ki tsufa kina rungumar akuya." Ta tauni leɓe, can ta ɗaga kai. "Je ki kira mini Amarya."

Amarya maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tana goyon ɗa sa'an Jummai, Ɗan Azumi. Nan take na gane aronsa Ya take so ta yi.

"Ya! Ɗan Azumi fa namiji ne!"

"Wa zai buɗe? A ja masa kwalli, a sa masa hula ta rufe kunne, kada a ga ba huji."

Na kalli Yaya Sakinatu ko za ta ce wani abu. Ina! A gidanmu uwa ba ta magana a kan ɗan fari a gaban manya. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, in yana kuka ma sai an ce mata ɗauki mana. Yaya ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma. Ni kuwa, in faɗa muku gaskiya, tsoron rasa Ishaƙ ya fi ƙarfin hankalina, sai ga ni a bakin katanga ina kiran Amarya.

Washegari gida ya ɗauki ƙamshi tun daga zaure. An wanke kwanukan jere sun yi wal, an shimfiɗa dardumar da ba a fito da ita sai salla, an dafa burabusko da miyar yakuwa da bandar kifi. Ni kuma na naɗa lafaya ruwan zuma mai ƙananan furanni, lalle ja har wuyan hannu, humra a bayan kunne da gwiwar hannu, turaren wuta kuwa na tsuguna a kansa har sai da na yi tari. Na duba madubi na ce wa kaina, Bushra, ko ni ce uwar miji na sallama. Aka kai Yaya da Jummai ƙuryar ɗakin Ya aka saki labule. Ɗan Azumi yana kan gado cikin hular ulu ruwan hoda, ya sha kwalli, yana ta wutsil-wutsil.

Ishaƙ ya tsaya a zaure, Hajiya Rahamatu ta shigo. Gajeriyar mace ce mai gilashi da haƙorin Makka, cikin atamfa shuɗiya mai tsada, tana tafiya a hankali tana kallon kowace kusurwa.

"Lale, lale! Wushe da hanya!" in ji Ya.

Na durƙusa har ƙasa. "Ina wuni, Hajiya. An zo lafiya?"

"Ke ce Bushra? Ɗago in gan ki." Na ɗago na saki murmushin sifana. Ta ce, "Uhm. Ai dole ya ƙi zuwa hutu."

Kun ji! Saura kaɗan in narke a kan dardumar.

Ta ci abinci, ta yaba kifin, ta sha shayi. Komai yana tafiya daidai har ta buɗe jaka ta ciro wata 'yar riga mai leshi.

"Ina jikar tawa? Ku ba ni ita."

Ya ta miƙa Ɗan Azumi da hannu biyu. "Ga Jummai."

"Tubarkalla! Wannan ƙatuwa haka? Bari in gwada mata da kaina, in ta yi kaɗan in sa a canzo."

"Hajiya, ki bari, mura take yi..."

Kafin Ya ta rufe baki Hajiya ta cire riga ta kwance ƙyallen gindi. Shi kuma ɗan albarka, da ya ji iska, sai ya saki fitsari. Sama ya yi, 'yan uwa. Ya sauka a gilashin Hajiya, ya gangaro kan atamfa.

Hajiya ta cire gilashi ta goge da bakin mayafi, ta mayar, ta sake dubawa da kyau.

"Ikon Allah," ta ce. "A Diffa haka matan suke?"

Daidai nan muryar Amarya ta tsallako katanga. "Ya Aisa! In kun gama da shi ku miƙo mini, nono ya cika!"

Jummai kuma, kamar an tsikare ta, ta callara kuka daga ƙurya.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya ta rufe fuska da lafaya. Hajiya ta miƙo mini Ɗan Azumi, ta tashi da kanta ta ɗaga labule ta karɓi Jummai daga hannun Yaya, ta fito da ita bakin ƙofa inda haske yake. Ta daɗe tana kallon idanun nan.

"Wannan kuka ɓoye mini?"

Sai ta juya wajen Ya.

"Ya Aisa, ni ba na iya kwana-kwana. Ƙanena da farfaɗiya ya rayu, na san abin da uwarmu ta sha. In wannan ciwon kai ne mai bin jini, ku yi haƙuri, goro ba zai zo ba. Amma ba ni zan yanke ba, ba kuma ku ba. Ishaƙ ya ce lokotoron ido ya zo gari daga Damagaram yana duba mutane. Gobe mu je, ni da ku."

Bayan sun tafi na kwanta rub da ciki da lafayar da komai ina kuka. Sai salula ta yi ƙara, Ishaƙ ne.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Tsoro."

"Matsoraciya. Ni ina zaure na ji Amarya, dariya ta kayar da ni daga kan benci. Hajiya ta ce yaron ya iya saiti. Gobe ina bakin ƙofar likita."

Ina kuka ina dariya, har Ya ta leƙo ta ce ko ni ma mutanen ruwan sun taɓa ni.

Da safe muka tarar da layi, yawanci tsofaffi, wasu da auduga manne a ido ɗaya. Ishaƙ yana gindin bishiyar bedi a kan moto, ya ɗaga mini gira, na ɗauke kai saboda Hajiya tana gefena. Da aka ga jaririya ce aka shigar da mu da wuri. Lokotoro Zailani siriri ne mai furfura a gemu, ɗakinsa an toshe tagogi da baƙin ƙyalle.

Ya karɓi Jummai ya shafa kanta, ya taɓa maɗigarta, ya auna kan da zare mai lamba.

"Tana suma? Jikinta yana sanƙarewa? Amai mai yawa?"

"A'a," in ji Ya.

"Uwar ta yi zazzaɓi da ƙuraje tana da ciki?"

"A'a."

Ya juya wajen Yaya. "Madam, in kina ba ta nono tana kallon fuskarki?"

Yaya ta sunkuyar da kai.

"Tana kallo mana," in ji Ya.

"Iya, ke kike ba ta nonon?"

Dariya ta kufce mini, Ya ta mintsine ni a cinya. Lokotoro ya kalli Yaya, ya kalli manyan biyu, ya yi murmushi.

"Ɗiyar fari ce ko? Na gane. Iyayena, ku ɗan koma bayan labulen can. Ke ƙanwa, tsaya ki riƙe mini ita."

Da suka fita ya rage murya. "Madam, nan ba gaban surukai ba ne. Abin da kika sani ba wanda ya san shi, kuma da shi zan yi aiki."

Yaya ta ɗago. Wallahi ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Ba ta taɓa kallona ba, lokotoro. Ko sau ɗaya. In kowa ya fita ina sa fuskata dab da tata, ina yi mata gwalo, ina yi mata komai, sai ta wuce ni da ido. Amma in aka buɗe taga tana juyawa."

"Madalla. Yi mata yanzu in gani, amma kada ki yi magana."

Yaya ta kawo fuska kusa, ta yi dama, ta yi hagu. Idanun Jummai suna ta rawarsu, ba su bi ta ba.

"Yanzu kira ta."

Yaya ta saci kallon labule. Sannan cikin wata 'yar siririyar murya da ban san tana da ita ba ta ce, "Jummai. Jummalo tawa. 'Yar gwal ɗin Sakina."

Yarinyar nan ta juyo da kai gaba ɗaya, ta wangale baki tana dariya, tana harba ƙafa a cikina. Hawaye suka zubo mini. Daga bayan labule na ji wata ta ja majina, ban san ko Ya ce ko Hajiya ba.

Ya ɗiga wa Jummai magani a ido, ya ce mu jira ɗan baƙin tsakiyar ya buɗe. Da muka koma ya kira manyan, ya kashe fitila, ya ɗauko wata 'yar tocila mai gilashi ya kara a idonsa. Ya fara haska idon ma'aikaciyarsa ya ce mu leƙa ta bayan kafaɗarsa.

"Kun ga ja yana dawowa daga ciki? Haka lafiyayyen ido yake. To ku duba na yarinya."

Muka leƙa ɗaya bayan ɗaya. Babu ja. Wani abu ne fari-fari a tsakiya, kamar ɗigon nono a cikin shayi, a ido biyun.

"Yanar ido ce," in ji shi.

"Yana?" Ya ta dafe ƙirji. "Irin ta tsofaffin da ke waje? A jaririya?"

"Ana haihuwar yaro da ita. Rawar ido kala-kala ce. Wata daga ƙwaƙwalwa take, shi ya sa na tambayi suma na auna kai. Amma a jarirai sau da yawa daga idon ne. Wani launin cikin idonsa ne bai cika ba, irin na zabiya, na duba nata ba haka ba ne. Wani jijiyar gani ce ko bangon bayan ido, wannan sai a Damagaram za a tabbatar da na'ura, don yanar ta tare mini hanya. Abin da na gani dai ya isa ya sa ido rawa. Idon da bai samu abin da zai kama ba, yawo yake yi yana nema."

Hajiya ta gyara gilashi. "Lokotoro, yi mini dalla-dalla. Kanta lafiya?"

"Ban ga alamar komai a kanta ba. Yarinyar da ta san muryar uwarta haka?"

'Yan uwa, da ba don duhu da kunya ba da na taka rawa a wurin. Na matse hannun Yaya har ta ce wash.

"Amma a yi sauri," ya ci gaba. "Aiki za a yi mata a cire yanar, ta sa gilashi. Ido koyon gani yake yi tun yana ɗanye, in lokacin ya wuce ko an cire ba ya koya sosai. An riga an makara kaɗan, rawar ma wataƙila ba za ta tafi duka ba. Cikin satin nan nake son ku kai ta." Ya juya ga Yaya. "Madam, zauna nan. Ina duba iyaye, don wani lokaci abin gida ne."

Murnata ta koma ciki. Ya ɗiga mata maganin, aka jira, ya haska.

"Akwai 'yan ɗigo-ɗigo a gefe. Ba su tare miki gani ba, shi ya sa ba ki sani ba. Amma ta wajenki ta biyo."

Ba wanda ya kalle ni, amma na san ni kowa yake tunani. Ya tana ta ƙifta mini ido in fita. Na tuna Ɗan Azumi da hularsa ta ulu, na ce a raina ɓoyon ya isa haka. Na miƙa wa Yaya ɗiyarta na haye kujerar.

"Lokotoro, ni ma ɗiga mini."

Maganin nan da zafi! Kafin wani lokaci komai na kusa ya dagule mini. Salula tana ta zuu a cikin lafaya, na ciro, rubutu ya zama tururuwa. Lokotoro ya haska dama, ya haska hagu, ya daɗe.

"Ke ma akwai. Ƙanana, irin na yayarki."

Kunnena ya yi dum. Na ji muryar Hajiya kamar daga nesa.

"Duk ɗan da ta haifa zai zo da ita?"

"A'a. Wani ya zo da ita, wani ya zo lafiya, Allah ne masani. Abin da ke hannunmu shi ne a kawo jariri a haska idonsa tun kafin suna. In an gani da wuri aka cire, zai yi karatu, zai yi noma."

Salula ta sake zuu. Don ruɗewa na miƙa wa Yaya in ce ta karanta mini, na manta ita ma idonta a buɗe yake. Sai na ji an zare ta daga hannuna. Hajiya ce. Ta ɗaga gilashi, ta karanta da ƙarfi, kalma-kalma, a gaban Ya, a gaban lokotoro:

"Ko me ya gani a idon naki, ni na riga shi gani, kuma ina so a haka."

Ma'aikaciyar lokotoro ta fashe da dariya. Ni kuwa na ja lafaya na rufe har goshi.

"Ɗan banzan yaro mara kunya," in ji Hajiya. Ta jefa mini salular a cinya. "Ya Aisa, Sakinatu da yarinya su bi ni, a gidana za su sauka har a gama aikin. Goro kuma zai zo."

Na ƙwalla ƙara a cikin lafaya. Ya ta fara jero godiya da Barbarci da Hausa a haɗe.

"Amma da sharaɗi. Haihuwar fari a ɗakina Bushra za ta yi. Daga hannun ungozoma sai tocilar lokotoro."

Godiyar Ya ta tsaya cak. Ta miƙe tana gyara lafaya.

"Me? Ɗiyata ta yi haihuwar fari a gidan miji? Wa zai yi mata wanka? Wa zai dama mata kunu? A ce ba ta da uwa? Tun kakanninmu ba a taɓa yi ba!"

"Tun kakanninku ana aron jariri?"

Ga ni zaune, ko goro ba a kawo ba, ana faɗa a kan ɗan da ko cikinsa babu. Lokotoro yana ta cewa iyayena, iyayena, akwai layi a waje, ba mai jin sa.

"Ya."

Yaya Sakinatu ce. Ta rungume yarinyar a ƙirji, kuncinta a kan nata, a gaban kowa, ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ki bar ta ta je. Ni a ɗakinki na yi jego, ba abin da ba ki yi mini ba. Tun kafin idon ya fara rawa na san Jummai ba ta ganina, na rasa bakin da zan gaya miki."

Ya ta koma ta zauna a kan bencin a hankali. Ta daɗe tana kallon su biyun, sannan ta juya wajen Hajiya, muryarta a dishe.

"Kar ɗin Damagaram, da safe yake tashi?"